Ruwa a Kabari da Tsakiyar Rani

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da na dame ku, yawan rubutu a nan ba halina ba ne.

Jiya maigidana ya dawo daga jana'izar maƙwabciyarmu, a ƙauyenmu na wajen Bunkure, wandonsa duk laka har gwiwa. Rabonmu da ruwan sama kuwa tun kaka.

Na ce, "Malam, gona ka biya?"

Ya ce, "Daga maƙabarta nake. Duk inda muka haƙa, kafin a kai ƙugu sai ruwa ya tsattsafo, mai sanyi ƙalau. Sai can kan tudu muka samu busasshen wuri."

Na ce, "To waɗanda ke kwance a gangaren fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya san a nan Innata take, Allah Ya jiƙanta.

Wani malamin gona ya taɓa gaya mana ruwan da ake sakar wa shinkafa yana bi ta ƙarƙashin ƙasa, yana tasowa a hankali. Gonakin kuwa yanzu sun iso bakin maƙabartar.

Masana ƙasa da malamanmu, me ake yi? Don Allah ku amsa mini da wuri, kafin a sake sako ruwa.