Ranar da Sarkin Surutu Ya Rasa Ta Cewa

Sarkin Surutu ake ce masa a layin masu sayar da fina-finai, kuma sunan ya bi shi. Sana'arsa ɗora murya a kan fina-finan ƙasashen waje. A wani ɗan ɗaki yake aiki, bayan shagon gyaran waya, an manne bangon da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne tsohuwa mai tari. Ba ya barin wuri shiru. Ko 'yan fim sun yi tsit suna kallon juna, sai ya cusa musu magana a baki, wai ba wanda ke kunna fim don ya saurari iska.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, tana fama da sikila. Uwata yake kiran ta. In ciwon ya tashi aka kwantar da ita, ba abin da ke ɗauke mata hankali kamar muryar babanta a waya, don haka ita ke fara ganin kowane fim kafin ya shiga kasuwa.

Ran nan aka kawo masa fim ɗin wani jirgi da ya ɓace a sararin samaniya. A cikinsa akwai mutum-mutumi wanda wani masani ya ƙera, ya sa masa jin zafi da gangan. Dab da ƙarshe, jikinsa na narkewa, ya ja ciki zuwa gaban masanin ya ce, "Don me ka yi ni ina jin wannan?" Masanin ya dube shi, bai ce uffan ba.

Sarkin Surutu ya karanta tambayar, sai ya tsaya cak. Da safen nan a asibiti, yarinyar na murƙususu an rasa jijiyar da za a sa allura, ta ce, "Baba, me na yi wa Allah?" Uwarta ta toshe mata baki tana istigfari. Shi kuwa ya sulale baranda.

Yaronsa mai haɗa sauti ya tsayar da hoton a kan fuskar masanin. "Maigida, ga fili ga mai doki. Cika mana."

"In ce me?"

"Yau kuma kai ke tambaya? Ka ce jarrabawa ce, ya yi haƙuri."

Ya jawo makirfo. Ya yi imani ciwon 'yarsa jarrabawa ce, da wannan yake kwana yake tashi. Amma masanin nan mutum ne, azzalumi ma. In ya sa masa wannan magana a baki, 'yarsa za ta fara jin ta daga bakin azzalumi. In kuwa ya sa masa baƙar magana, ita ma za ta ɗauka amsarta ce aka ba ta. Bai taɓa jin tsoron bakinsa irin na ranar ba.

"Wuce wurin," in ji shi.

"Haka nan? Za a ce ka tsufa fa."

"A ce."

Da yamma ya je asibiti, ya tarar an sa wa 'yarsa ƙarin ruwa. Ya so ya ce fim bai kammalu ba, amma ta riga ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ya zauna bakin gado, bai kalli wayar ba, fuskarta yake kallo. Da aka zo wurin, ta bubbuga wayar.

"Baba, sauti ya ɗauke."

"Bai ɗauke ba, Uwata. Bai amsa ba ne."

"Kai ma ba ka san amsar ba?"

Uwarta ta zuba masa ido, tana jiran ya gyara.

"Ban sani ba," ya ce. "Allah ya sani, ni dai ban sani ba."

Yarinyar ta dube shi. Yana jiran kuka, ko maganar da za ta fi ta safe muni. Sai ta kife wayar a kan filo.

"To riƙe min ƙafar nan, ta hagun. Nan ya fi ci."

Ya kama ƙafar da hannu biyu.