Hanyar da Na Tare wa 'Yar Ƙanwata

Ƙanwata Usaina ta yi karatu da sunana. Ba zan sassauta maganar ba. Mu tagwaye ne, ni ce Hassana, kuma sunana Baba ya bayar ranar da aka ce kowane gida a unguwarmu ya kawo yaro ɗaya makarantar boko. Ita ta shiga ajin, aka kira Hassana ta amsa, sunan ya bi ta har kan takardar digiri. Yau likita ce a Birmingham. Ni kuwa sai da na haifi uku, na biyo mijina Manchester, na kai shekara arba'in da ɗaya, sannan na zauna a ajin manya a Cheetham Hill ina koyon riƙe biro. Kafin nan ko takardar likita ce ta zo, sai na jira yara sun dawo makaranta su karanta mini ciwona da bakinsu.

Watan jiya Usaina ta kira ni ina tuƙa tuwo. Ta ce an tura 'yarta Fa'iza koyon aiki a wani asibiti a nan Manchester.

"Yaya, sati biyu ne kawai. Wurin kwana take so. Ba za ta taɓa miki abinci ba, da nata za ta zo. Ko wanka sai kowa ya gama."

"Gidana ba otal ba ne," na ce. "Ku da kuka yi boko ai kun san inda ake neman ɗaki."

Na kashe wayar. Autata Zainab tana zaune tana yanka alayyahu. Shekarunta goma sha tara, sau ɗaya ta taɓa ganin Fa'iza, a wani suna, daga nesa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, da Hausarta mai warin Turanci, "Kin yi daidai, Mama. 'Yan Birmingham ɗin nan ai ɓarayi ne, dukkansu."

Muciyar ta tsaya a hannuna. Muryata ce ta fito daga bakin yarinyar, har da yadda nake jan "dukkansu". A take na ji ƙaurin wutar ɗakin Inna Kulu.

Inna Kulu kakarmu ce ta wajen uba, ungozoma ce, doguwa, mai haƙori ɗaya a gaba wanda goro ya rina. Lokacin sanyi, idan an yi isha'i, takan hura wuta a kasko a tsakar ɗakinta, ta binne dankali a toka, mu kewaye ta. Ni da Usaina mayafi ɗaya muke rufa, muna ja-in-ja da shi har sai ta ce za ta ƙwace ta rufa wa akuya. Yawanci tatsuniya take yi mana. Amma akwai daren da za ta gyara zama, ta ɗaura ɗankwalinta sosai, mu san yau ta annabawa ce.

"Ku yi salati tukuna. Ke Hassana, janye ƙafarki, ba ke za mu gasa ba."

Ta ce rabin wannan ƙissar a wajen malamin zauren Baba ta ji, sauran rabin a wajen wata Kirista da suka yi shekaru suna karɓar haihuwa tare. Annabi Ishaƙa yana da tagwaye, Isuwa da Yakubu. Isuwa ne babba, maharbi, mai gashi a jiki. Wata rana ya dawo daga daji yunwa na cin sa, ya tarar ƙanensa ya dafa jan fate. Ya ce ba ni. A kan kwano ɗaya ya sallama girmansa na ɗan fari, ya cinye, ya share baki, ya tashi. Da albarkar uba ta sauka a kan Annabi Yakubu, sai ga Isuwa yana kuka kamar yaro, yana rantsuwa sai ya ga bayan ɗan'uwansa. Annabi Yakubu ya gudu wajen kawunsa, ya yi shekaru. Ranar da ya dawo, Isuwa ya tare shi a hanya da rundunar mutane. Kowa ya ce yau jini zai zuba. Sai Isuwa ya sheƙo da gudu ya rungume shi, suka yi ta kuka.

"Shi ke nan?" na tambaya, don hankalina yana kan dankalin.

"Da shi ke nan ne da na bar ku kun kwanta."

Ta ce jikokin Isuwa suka yi yawa, suka zama Edomawa, suka zauna a kan duwatsu. Jikokin Annabi Yakubu suka zama Bani Isra'ila. Zamani ya wuce, har Annabi Musa ya fito da mutanensa daga Masar, hanya ta biyo da su bakin ƙasar Edom. Suka aika wa sarki: mu 'yan'uwanku ne, kun san wahalar da muka sha, ku bar mu mu wuce ta babbar hanya. Ba za mu taka gonar kowa ba, ba za mu sha rijiyarku ba. Sarki ya fito da takobi. Dole suka zagaya ta hamada, da tsofaffi da masu goyo. Daga nan ƙiyayya ta zauna tsakaninsu. Ranar da maƙiya suka ci birnin Bani Isra'ila, Edomawa tsayawa suka yi suna kallo.

Usaina ce mai tambaya tun tana ƙarama. Ta ce, "Inna, ai kakanninsu sun shirya. Wa ya gaya wa jikokin?"

Inna Kulu ta tono dankali da tsinke, ta hure toka, ta raba shi biyu. "Wata tsohuwa irina, a bakin wuta irin wannan. Ta ba su labarin albarkar da aka ɗauke. Ta bar kwanon faten a cikinta, ta bar rungumar."

A lokacin dariya na yi, don na ga ta zagi kanta. Sai a kicin ɗina na unguwar Gorton, tuwo yana ƙonewa a ƙasan tukunya, na gane wace ce tsohuwar.

Shekara da shekaru ina ba 'ya'yana labarin sunana da aka ɗauke. Ina ba su ina wanke-wanke, ina ba su duk ranar da na dawo daga aikin share ofis bayana yana ciwo. Ga abin da ban taɓa gaya musu ba. Safiyar da ɗan aiken mai unguwa ya zo tafiya da ni, cikin rumbun dawa na ɓuya. An ce mini malamin boko yana duka da dorina, kuma ranar kasuwa ce, ina son fita da farantin gyaɗata. Ina jin Baba yana kirana na toshe bakina. Da ya gaji, ya fizgi hannun Usaina. Ina leƙe ta ƙofar rumbun na gan ta tana tirjiya, tana kuka tana cewa ba ita ba ce. Kullum kuma idan ta dawo sai ta ɗauki gawayi ta rubuta mini abin da aka koya musu a bangon bayan ɗaki. Ni kuma in tofa miyau in goge da ƙafa.

Ban gaya musu ba cewa ranar da aka ɗauki gawar mahaifiyarmu, ni da Usaina mun rungumi juna har sai da mata suka raba mu. Na dawo Manchester na ci gaba da labarina daga inda na tsaya. Zagi ba ya ba ni kunya, faɗa ma haka. Amma wannan ya ba ni. Na koya wa yarinyar da ba a yi wa komai ba ta tsani yarinyar da ba ta yi komai ba, na kuma hana 'yar cikin ƙanwata katifa a garin da ba ta san kowa ba. Ranar ban iya cin tuwon ba.

Da na idar da asuba na shiga ɗakin Zainab, na zauna a bakin gadonta, na gaya mata maganar rumbun tun daga farko. Ta tashi zaune tana kallona kamar baƙuwa.

"Mama, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Saboda ya fi daɗi a ce an cuce ni."

Na miƙa mata wayata, na riga na lalubo lambar Usaina da kaina.

"Ki gaida innarki Usaina da kyau, ki nemi gafararta a kan abin da ba ta ji kin faɗa ba. Sannan ki tambayi Fa'iza ƙarfe nawa jirgin ƙasan da za ta hau zai iso. Idan kin gama ki ba ni, nawa neman gafarar ya fi naki tsawo."