Lambar Sirri Talatin da Biyu a Kan Mutum Ɗaya

Mijina ba injiniya ba ne, kar wani ya ruɗe ku. Gyaran rediyo ya fara koya a wata rumfa, da mutane suka daina kawo rediyo ya koma gyaran waya, daga nan ya gangara kwamfuta. Yanzu shekararsa hamsin da uku. 'Yan benen shagunan nan na bakin titi Injiniya suke ce masa in suna da buƙata. In ba su da ita, sunansa Kashe-Kunna, don duk wanda ya kira shi abin da yake fara ji ke nan: "Kashe ka kunna tukuna."

Shago talatin da biyu ne a benen. Shi ya jawo musu intanet guda suke rabawa, ya kafa eriya a kan rufi, ya aje akwatin intanet ɗin a wani ɗaki ƙarƙashin matakala wanda ko miƙewa sosai ba ka yi a ciki. Shi ya buɗe wa kowa ma'ajiya a intanet, wai ko shago ya ƙone, Allah ya kiyaye, bayanai suna nan. Mai kemis ya zuba jerin magungunansa da ranar lalacewarsu, tela ya zuba awon mutane, mai hoto ya zuba hotunan da ya ɗauka na shekara shida. Kowace ma'ajiya da lambar sirrinta, kuma babu ko mutum ɗaya da ya yarda ya riƙe tasa.

"Haba Injiniya, ai kai ne ka sani."

Shi kuma sai ya yi murmushi ya haddace. Ƙato da gemunsa zai tsaya da abokin ciniki a gabansa, yana jiran mijina ya zo ya buɗe masa awon wando.

Bara na lura ya fara karkata kai in zai kalli mutum. Sai ya riƙa buge kafaɗa da ƙofa. Ranar da ya zuba shayi a gefen kofi na ja shi asibiti. Likita ta ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya ci sosai, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Aiki za a yi don a tsare abin da ya rage.

Sau uku ana sa mana rana. Ta farko mai kemis ya sayi sabuwar kwamfuta. Ta biyu iska ta juya eriya, ya hau tsani da wannan idon. Ta uku muna zaune a bencin asibiti, kati a hannuna, saura mutum biyu a kira mu, wayarsa ta yi ƙara. Mai hoto ne, ya canja waya, ma'ajiya ta rufe, masu hotuna sun cika masa shago.

Na ce, "Baban yara, in ka tashi daga bencin nan, ni da kai ne."

Ya ce, "Minti ashirin ne fa. Mutum yana cikin kunya."

Bai dawo ba sai da aka tashi. Likita ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Madam, Laraba mai zuwa ce ta ƙarshe da zan iya ba ku. In ya sake wucewa, ba maganar aiki za mu yi ba, maganar sandar makafi za mu yi."

Washegari na sayo ambulan talatin da biyu. Na zaunar da shi a falo, na kife wayarsa a ƙarƙashin cinyata, na ɗauki biro.

"Faɗo. Shago na ɗaya."

"Ke dai, amana ce fa. Ba a rubuta lambar sirri a takarda."

"A kanka aka ce a rubuta? In ido ya tafi, da me za ka ga inda za ka danna ta?"

Can ya fara faɗa, ƙasa-ƙasa kamar ana cire masa haƙori. Ko ɗaya bai manta ba. Mutumin da har yau sai na tuna masa ajin da autarmu take.

Na bi shagunan ɗaya bayan ɗaya. Tela ya karɓi tasa da yatsa biyu ya ce, "Uwargida, ki aje mana a wajenki mana."

"Ni na yi maka kama da akwati?"

Mai kemis ya ce, "To in ta ɓace fa?"

"Makullin shagonka sau nawa ya ɓace?"

Mai hoto kuwa ko kunya babu, cewa ya yi, "Wai Injiniya ya yi fushi da mu ne?"

Na ce, "Ina ma ya iya."

Ranar Laraba na bar wayarsa a gida cikin kwandon wanki. A mota yana ta shafa aljihu. Aka yi aikin, aka tsare na dama. Na hagu likita ta ce ganinsa zai zauna kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma da mun zo ranar farko da ba haka ba. Ta ce sati uku ba waya, ba kwamfuta, ba tsani.

Kwana biyu da sallamarmu 'yan benen suka zo dubiya, su biyar, da ledar lemo da ayaba. Har na ji zuciyata ta ɗan sauko. Suka zauna suka yi masa sannu, tela har da addu'a mai tsawo. Sai na hangi jakar da mai hoto ya rungume a cinya, kusurwar laftof ta turo zif.

"Wannan fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ba dubawa zai yi ba, Uwargida. Ni zan danna, shi ya faɗa kawai."

"Ambulan ɗinka fa?"

"Tana nan. Ban buɗe ba, kar in lalata wani abu."

Na juya na kalli mijina. Yana kwance da bandeji a fuska, amma hannunsa har ya fara miƙowa. Na kama hannun na mayar ƙarƙashin bargo, na karɓi jakar na rataye ta a ƙusar waje tare da tsumman goge-goge. Sannan na jawo kujera na zauna a bakin ƙofar ɗakin.

Yau kwana tara ke nan ina zaune. Saura goma, kuma bayana ya fara ciwo.