Tukunyar Tokar Inna

Da Baba ya dawo da kakarmu Inna gidanmu na Nassarawa, abu ɗaya ta ƙi yarda da shi: kicin mai gas. Ta sa aka kafa mata murhu a bayan gida, gindin mangwaro, ta ajiye wata tsohuwar tukunya mai huji a gindi. A ciki take zuba tokar karan dawa, ta bi ta da ruwa, ruwan tokar yana ɗiga cikin kwano. Bayan magariba mukan kewaye ragowar garwashin, ita kuwa ta ba mu tatsuniya.

Ni ce mai zama a damanta, har ranar da aka kawo Binta daga Kawaji, 'yar ƙanin Baba, don ta yi makaranta a wajenmu. Wata guda bai cika ba Binta ta iya ɗanɗana ruwan toka da bakin harshe ta ce ya yi ko bai yi ba. Inna ta fara cewa, "Ƙawata, in na mutu tukunyar nan taki ce." A gabana fa. Ni da nake ɗaukar na ɗaya a aji, a fifita mini wadda ko karatun Turanci sai ta yi ta in'ina? Wallahi na ji haushi, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Wata Juma'a aka bar wa Binta miyar taushe, miyarta ta farko, ga baƙin Baba za su ci. Na faki idonta na juye jiƙon tsamiya kofi guda a tukunyar miyar, na koma ɗaki kamar ban san komai ba. Na so a yi mata dariya ne kawai.

Inna ta ɗanɗana miyar, ta yatsine fuska. Ta miƙa wa Binta kwanon ruwan toka. "Kaɗan-kaɗan, kina ɗanɗanawa." Miya ta yi kumfa ta kwanta, tsamin ya mutu. Baƙi suka side kwano, har wani Alhaji yana tambayar wa ya yi girkin. Ashe da hannuna na ƙara mata daraja.

Da yamma Inna ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, mai kunne ya matso." Wai Tsamiya da Toka 'yan uwa ne, gidansu ɗaya. Tsamiya tana can saman bishiya kowa na ɗaga kai yana kallonta, Toka kuwa tana ƙasa ana taka ta. Ran nan aka yi biki, uwar biki ta yaba wa Toka, sai Tsamiya ta faɗa cikin miya don ta ɓata taron. Toka ta bi ta ciki ta rungume ta. Da aka sauke tukunya aka nemi tsamin aka rasa, ita ma Toka ba a gan ta ba, sai miya mai daɗi.

"To wa ya ci nasara, Inna?" in ji Binta.

"Masu cin tuwo," in ji ta. Sannan ta dube ni. "Hadiza, hannunki yana ƙanshin tsamiya. Je ki wanke ki dawo, wurinki yana nan."

Na dawo na tarar wurin nawa a hagu ne.

Yau shekarata goma sha wani abu ina koyar da kimiyya. Duk shekara nakan rubuta kalmar Turancin nan "base" a allo, in ce wa ɗalibai kada su haɗa da ta malamin lissafi, wadda ake gina ƙirga a kanta, ko ta malamin Turanci, wato tushen kalma. Tamu ita ce mai kashe tsami, irin kanwa da ruwan toka. Sukan rubuta, su ci jarrabawa. Ni ma haka na ci, amma har yau in na zuba ruwan toka a miya sai ta yi baƙi ko ta yi ɗanɗanon sabulu. Na san sunan abin, Binta ta san gwargwadonsa.

Inna ta cika alkawari, tukunyar tana gidan Binta. Duk azumi takan aiko mini da ruwan toka a gora, da saƙon "kaɗan-kaɗan, Yaya." Ban taɓa gaya mata zancen tsamiyar ba. Nakan karɓa in yi godiya, kuma har yanzu in na buɗe gorar sai na ji da ma ni aka bar wa tukunyar.