Kwat Ɗin da Ya Kusa Cinye Kwarin Gidanmu

Malam edita, ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, wanda yanzu tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Amma 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, saurayi ne ni siriri kamar karan gero, kaina kuwa ya fi tulu girma don na iya Faransanci. Lokacin ne fadan cocinmu ya sa sunana cikin samarin da za a kai ziyara birnin Roma. Ran da na ji, har jakunan unguwa sai da na sanar da su.

Damuwata ɗaya, ba ni da kwat. Sai ga wani Bature mai sayen tsofaffin kaya ya sauka garinmu. Na ba shi labarin kwarin kibau na mahaifin kakata, wanda ya rataya ran da mutanen Lugu suka tari sojojin Nasara. Yana ɗakinta, kowace shekara da kaka tana shafa masa man shanu tana kiran sunan mai shi. Nan take Baturen ya tuɓe kwat ɗinsa ya ba ni, muka shirya in na dawo ya zo ya ɗauki kwarin. Ban gaya wa tsohuwa ba, kuma wannan ce kunyar da nake son saukewa yau. Ita kuwa da zan tafi, gargaɗinta ɗaya: in na isa tsohon wuri, in cire takalmi in gaida masu shi kafin in shiga.

Na isa Roma ina zaton zan tarar da shiru da kwarjini. Ina! Sai ka ce an juye kasuwannin Arewa duka cikin lungu ɗaya. A bakin wani ƙaton kango da aka ce ya fi shekara dubu, na cire takalmi na durƙusa ina neman dattijon wurin. Mai yagar tikiti na samu, ya ce in matsa na tare hanya. Kafin in miƙe an taka mini yatsu sau ɗari, baƙi suna ɗaukata hoto suna zaton wasa nake, takalmina ɗaya kuma ya bi turmutsitsi. Har yau bai aiko da gaisuwa ba.

Ina ɗingishi na faɗa wani kanti neman takalmi. Ƙananan kangayen yumɓu ne jere ana sayarwa kamar ƙosai. Can ƙurya, tsakanin laimomi, na hango kwari irin namu sak, da 'yar takarda a wuyansa. Na tambayi mai kantin ko na wane ne. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce daga Afirka dai, ko in naɗe maka? Na taɓa fatar, ta bushe ta tsage. Ba mai shafa mata mai, ba mai kiran suna. Wallahi nan kwat ɗin ya fi mini buhun gero nauyi.

Ran da babbar mota ta sauke ni gida, Baturen na zaune a ƙofarmu yana jira. Gaban jama'a na tuɓe kwat na miƙa masa. Ya ce ai mun yi magana, zai ƙara mini hula. Na ce ko jirgin da ya kawo shi zai ƙara, kwari ba ya fita. Ya tafi yana ƙunƙuni, unguwa ta ɗauki guɗa. Na durƙusa na faɗa wa tsohuwa kome. Sai ta tambaya ko na cire takalmin. Na ce har na bar musu ɗaya. Ta ce ashe masu Roma matalauta ne, a bar musu.

Samari masu ɗokin ƙetare, ku je ku gani, ban hana ku ba. Amma na ga abin da tarihi ke zama in ya koma haja: kowa na kallo, ba mai gaisuwa. Kada ku ba da abin da ake kiran sunan kakanninku a kansa don tufar tafiya. Kwarin yanzu yana ɗakina, bana ma ni na shafa masa man.