Makirfon Yahuza Jibo

Duk wanda ya taɓa shiga ma'aikatar da Yahuza Jibo yake aiki a Gusau zai tuna shi. Dogo ne siriri, kaftaninsa kullum a goge, yatsunsa na gudu a kan kwamfuta ba ya ko kallon su. Idan firinta ta ƙi fitar da takarda, shi ake kira. Yana da fara'a da saurin taimako, abu ɗaya ne kawai ba ya so: a tambaye shi garinsu. In an matsa sai ya ce, "Nan Gusau," ya kawo wata maganar.

A ruga aka haife shi, bayan duwatsun Kwatarkwashi. Mahaifinsa, Jibo, makiyayi ne mai ɗan noman gero a gefe. Shi ne ɗan fari, don haka mahaifiyarsa, Inna Fatimatu, ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda kunya irin ta Fulani. "Wancan" take cewa, ko ta aiki ƙanwarsa Hauwa ta kira shi. Yana ƙarami wani kawunsa ya ɗauko shi zuwa Gusau ya sa shi makaranta, ya kuwa yi ƙoƙari har ya kai Kano karatu.

A Kano ne aka fara yi masa dariya. Ran farko a aji ya ce, "Mi kac ce?" sai ɗaliban suka kwashe. Daga nan sunansa ya koma Mikacce. Yahuza bai yi faɗa da kowa ba, sai ya zauna ya kankare harshensa tas. Ya koyi cewa "me" da "tafi" da "faɗa" maimakon "mi" da "tahi" da "hwaɗa", har ya zama idan yana magana za ka rantse a Fagge aka yanke masa cibi. Ya dawo Gusau da wannan bakin, ya sami aiki da shi, ya auri Shafa'atu, suka kama gida a Tudun Wada.

Bayan rasuwar Jibo, zama a ruga ya gagara saboda 'yan bindiga. An kore wasu shanun, an sayar da ragowar, mutane suka watse. Inna Fatimatu ta kwana a cikin dawa ba sau ɗaya ba, tana jin harbi yana matsowa. Yahuza ya je da mota ya ɗauko ta, ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska. Ba ta iya zama haka nan ba. Kafin Shafa'atu ta tashi, Inna ta riga ta share tsakar gida, ta wanke kwanuka, ta goya jikarta Husna. An yi an yi ta bari, ta ƙi.

Shi kuwa Yahuza yana da abin da yake rage gajiya da shi. Gem ne na yaƙi a kwamfuta, wanda ake haɗa ƙungiya ta intanet, kowa yana garinsu, a fafata da wata ƙungiyar. Abokan wasansa uku ne, bai taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba: Nura a Kano, Muslim a Kaduna, da Aliyu a Abuja, wanda shi ne jagoransu. Su suna magana da juna yayin wasa, shi yana jin su ta iyafis ɗin da yake sawa a kunne, amma makirfon jikin kwamfutarsa ya daɗe da lalacewa, sai dai ya rubuta. Kafin ya gama rubuta "ga su nan ta hagu", an riga an harbe Muslim.

Wata rana Aliyu ya ce, "Malam Yahuza, gasa ce ran Asabar. Ka nemi makirfo don Allah. Hannunka yana da kyau, amma kurma ba ya yaƙi."

Washegari da aka tashi daga aiki ya bi ta shagon Yusha'u mai kayan waya. Yusha'u ya jera masa kala-kala a kan kanta. Akwai hedifon mai ɗan makirfo da ke lanƙwasowa daidai baki, da maɓallin kashe murya a jikin wayarsa. Akwai ƙarami da ake maƙalawa a wuyan riga. Sai kuma wani babba baƙi mai ƙafafu uku, da soso a kansa, da fitila mai canja launi, irin wanda ake gani gaban masu shirye-shirye a intanet.

"Shi wannan fa komai yake ɗauka," in ji Yusha'u. "Ko allura ce ta faɗi."

Yahuza ya ji wannan a matsayin yabo. Ya juya hedifon ɗin a hannu, ya ga kamar na masu amsa waya a kamfani, ya ajiye. Ya riga ya hango hoton teburinsa da zai tura wa Aliyu. Babban ya ɗauka.

Ranar Asabar bayan la'asar ya rufe kansa a ɗaki. Shafa'atu ta shiga maƙwabta barka, ta bar Husna wajen Inna. Ya soka wayar makirfon a ƙofar da ake sa filashi, fitilar ta kama, amma kwamfutar ta yi kamar ba ta san da shi ba. Ya cire, ya canja ƙofa, ya shiga wajen saitin sauti ya zaɓi sunansa da hannu. Sai ga wani koren layi yana motsi duk lokacin da ya yi magana. Ya ce, "Gwaji, gwaji," layin ya yi tsalle. Zakaran maƙwabta ya yi cara, layin ya sake tsalle. Yahuza ya yi murmushi, ya ƙara masa ƙarfi har ƙarshe.

Matsala ɗaya ta rage. Tunda ya haɗa makirfon, iyafis ɗinsa ya daina kawo sauti. Ya soka shi a kwamfuta, shiru. Ya soka shi a bayan makirfon, shiru. Saƙon Aliyu yana ta shigowa cewa shi ake jira. Sai ya jawo babbar sifikar da yake jin karatu da ita da safe, ya haɗa, sauti ya fito rangaɗaɗau.

"Assalamu alaikum," ya ce, da Kanancinsa mafi tsabta.

"Kai! Ashe kana da murya!" in ji Nura. "Wallahi kamar mai karanta labarai."

Daɗi ya kama Yahuza har cikin ƙashi. Aka fara wasa. Yana faɗin inda abokan gaba suke, ana jin sa nan take, suka ci zagayen farko cikin sauƙi. A zagaye na biyu aka yi musu kwanton ɓauna a wani kango, bindigogi suka ɓarke ta kowane ɓangare, sifikar tana girgiza tagar ɗakin. Bai ko tuna akwai wani a gidan ba.

Ƙofar ta bugu da bango. Inna Fatimatu ce, ba ɗankwali, ƙafa ba takalmi, ta ɗaure Husna a baya da zanen da ta fizgo daga igiya. Idanunta sun firfito.

"Yahuza! Yahuza, sun iso! Tashi mu tahi! Kak ka tsaya ɗaukar komi!"

Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ran nan.

Kafin ya motsa, dariya ta fashe daga sifikar. Nura ya maƙale murya yana kwaikwayonta: "Tashi mu tahi! Kak ka tsaya!" Muslim yana dariya har da tari.

"Malam Yahuza, wace ce wannan?" in ji Nura. "Daga wane dajin ka samo ta?"

Yahuza ya laluba jikin makirfon yana neman inda ake kashe shi, bai samu ba, domin bai taɓa dubawa ba. Ya ji kamar yana ajin nan na Kano. Sai bakinsa ya riga shi.

"Ku rabu da ita," ya ce, har da 'yar dariya. "Wata tsohuwa ce 'yar ƙauye, tana taya mu aikin gida."

Inna ta dubi kwamfutar, inda wasu mutanen zane suke gudu da bindigogi. Ta dubi sifikar da dariyar take fitowa. Shi ne kawai ba ta duba ba. Ta gyara goyon, ta ja ƙofar a hankali ta rufe.

Aka harbe shi a wasan yana zaune, hannunsa a kan cinya. Nura yana ta kiran sunansa. Ya fizge wayar makirfon, ya kashe kwamfutar, amma ya kasa fita. Yana jin ta a tsakar gida tana lallashin Husna da Fulatanci, muryarta ba ta gama daidaita ba. Har aka kira magariba yana ciki. Da ya fito alwala, ya tarar ta cika masa buta ta ajiye a inda ta saba.

Wayarsa ta yi ƙara yana hanyar masallaci. Aliyu ne, shi da bai yi dariya ba ɗazu. Ya yi sallama, sai Yahuza ya ji wata murya dabam da wadda ya sani, muryar gida sak.

"Malam Yahuza, ni ɗan 'Yandoto na, can ƙasar Tsafe. Tsohuwata ma haka take in ta ji an buga ƙofa da ƙarfi. Wagga da ta shigo, mahaifiyarka ta ko?"

Yahuza ya tsaya a bakin kwata, mutane suna wuce shi. Da ƙyar ya ce, "Ita ce."

Aliyu ya ce, "To. Allah shi ba ta lafiya. Ka gaishe ta." Ya kashe.

Da a ce zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Shafa'atu ta dawo ta ga gidan wani iri. Ta tambayi Inna, Inna ta ce ba komai. Ta tambaye shi, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa mata yadda aka yi, yana kallon tabarma. Ta riƙe baki.

"Baban Husna, Inna? Saboda wasu mutanen da ko fuskarsu ba ka sani ba?"

Ta ce ya tashi yanzu ya je ya durƙusa. Ya ce da safe. Da safe ya ce idan ya dawo daga kasuwa. Kullum zai tsaya a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa kamar yadda ta saba, ya juya ya tafi bai ɗauko maganar ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tsintsiyar. Da can idan ya ji tana shara da asuba bai ɗauke shi komai ba. Yanzu kowane ja ɗaya sai ya ji kamar a fatarsa ake yi.

Ana cikin haka Hauwa, wadda take aure a Bungudu, ta haihu. Inna ta ɗaure kayanta ta ce za ta je wankan jego. Wannan ba abin mamaki ba ne. Sai dai Shafa'atu ta lura har da ƙwaryar da take dama fura da 'yar rediyonta ta tafi da su. Aka yi suna, aka gama wanka, jaririn ya fara zama, Inna ba ta dawo ba.

Wata Juma'a ya shiga mota ya tafi Bungudu. Ya same ta a inuwar darbejiya a gidan Hauwa, tana tsince wake. Ya cire takalmi ya tsuguna, ya gaishe ta da bakin da ya tashi da shi, wanda ya daɗe bai taɓa ba, har yana jin sa baƙo a harshensa.

"Inna, na zo ne kan maganar ran nan. Abin da nic ce..."

"Wace magana?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ranar da kinka shigo ɗaki."

"Ni ban ji komi ba. Ƙarar abin nan ta cika mini kunne." Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake ga kaji. "Ya mutanen gidan? Yarinyar ta bar tarin?"

Ya ce ta bari. Ya sake buɗe baki, sai ta ƙwala wa Hauwa kira ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Ya sha ruwan, ya zauna har rana ta yi sanyi, suna maganar damina da tsadar taki. Da zai tafi ta ba shi man shanu a 'yar roba ya kai wa Shafa'atu. Ya ce ko za ta bi shi su koma. Ta ce Hauwa ba ta da mai taya ta, sai dai gaba.

Yahuza bai daina gem ba gaba ɗaya, amma ya fita daga ƙungiyar. Ya rubuta wa Nura da Muslim cewa matar nan mahaifiyarsa ce. Muslim ya ba da haƙuri. Nura ya ce ai wasa ne, kuma yaushe zai dawo, suna neman na huɗu. Makirfon yana saman kwaba a cikin kwalinsa, Shafa'atu ta ɗora masa tsofaffin jaridu.

Yanzu kusan kowace Juma'a, idan an sauko daga masallaci, za ka gan shi a tasha yana jiran motar Bungudu, da ledar goro da sabulu a hannu. A ofis an san tsohuwarsa tana can, domin shi da kansa yake faɗa, har yakan ƙara da cewa mutanen Kwatarkwashi ne su. Idan abokan aiki suka tambaye shi me ya sa ba ta zama wajensa, ga shi da gida a birni, sai ya ce iskar can ta fi karɓar ta, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da buga takardarsa.