Allon Baba Ƙarami

Shekaranjiya jikata tana wanke tukunya a bakin famfo da soson ƙarfe, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ni kuma ina gefe ina tsince shinkafa, sai kawai hannuna ya tsaya a cikin faranti. Ƙarar nan ta ɗauke ni cak ta mayar da ni tsohon Zongonmu na Lome, wanda yake tsakiyar gari kafin a tashe mu. Na ga dakalin ƙofar gidan kakana, na ga ƙanin babana zaune a kai da hantsin Alhamis, jita kwance a cinyarsa, ya sunkuya yana gurza.

Bari in gaya maka yadda gidan yake, don ka gane. Kakana malami ne, iyayensa daga ƙasar Katsina suka gangaro, kowa kuma Malam yake kiransa, har Kaka matarsa. A zaurensa 'ya'yan Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa suke karatu, dukansu kuma da Hausa ake tsawata musu. Babana ya bi fatauci, Baba Ƙarami kuwa, autan Malam, shi aka sa wa rai zai gaji zauren. Ya yi nisa a karatu, sai ya bi wani direba zuwa Akra. Da ya dawo, ga jita rataye a bayansa.

Ranar da ya shigo da ita, an ce Malam ko ɗaga murya bai yi ba. Cewa ya yi, ya rantse muddin yana numfashi abin kiɗa ba zai kwana a gidansa ba. Shi kuma auta ya ce inda jitarsa ta kwana, nan zai kwana. To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya kwashi kayansa ya koma unguwar Be, ya kama ɗaki da wasu makaɗa 'yan ƙabilar Mina. Suna kiɗa a otal-otal na bakin teku, in kuma jam'iyya tana taro a aiko a kwashe su a mota. Zamanin jam'iyya ɗaya ce, in an kira ka ba ka cewa kana da uzuri.

Wadda abin ya fi ci ita ce Kaka. Kullum sai ta zuba tuwon dare har da kwanon auta, da safe a ɗumama mana mu cinye. Idon Malam kuma ya fara rufewa, ƙafa ta yi nauyi, kowa ya san tsohon nan ya kusa. Tsoron Kaka guda ɗaya ne, kada mijinta ya mutu ɗansa yana kwana a waje. Ta aika limami, ta aika sarkin Zongo, duk a banza. Malam ya ce magana zarar bunu ce, ya riga ya furta.

Duk da haka Baba Ƙarami bai yanke gaisuwa ba. Kowace Alhamis, da yake babu karatu, zai zo ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Malam, ina kwana," a amsa masa da "Lafiya" guda ɗaya tal, kamar ana auna ta da cokali. Daga nan sai ya koma dakali, wanda yake waje ne, ya shimfiɗa tsumma ya hau gyaran jitarsa. Ɗakinsu na Be duhu gare shi da laima, nan kuwa akwai haske.

Ni lokacin ban kai munzalin tallan koko ba ma, ni ce 'yar jagorar Malam, ni nake riƙe masa sanda zuwa masallaci. Amma ranar Alhamis ina manne da dakali. Ka san iskar Lome, gishiri ce zalla. Kwaɗo sabo fil in ka rataya a ƙofa, kafin damina ta fita ya yi ja. To haka take yi wa ƙananan ƙarafan nan da aka jera a gicciye a wuyan jita, sai su dushe su yi kore, gumin yatsa kuma ya taru a gindinsu ya daskare baƙi ƙirin. Baba Ƙarami yakan ce in ka bar su haka, tsirkiya ba ta zamewa, yatsa kuma ya sha wuya.

Da farko zai warware tsirkiyoyin duka, ya naɗe su ya sa a aljihu. Sai ya ɗauki tsohon buroshin haƙori da tsinken ashana ya bi gindin kowane ƙarfe yana fitar da dauɗar. Yana da wani ɗan kwali da ya tsaga a tsakiya, sai ya kifa shi yadda ƙarfe ɗaya ne kawai zai leƙo ta tsagar, don kada soso ya karce katakon. Soson ma ba irin na tukunya ba ne, wani mai laushi ne kamar auduga da yake samowa wajen kafintoci. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har sai kowanne ya ɗauki ido. In rani ya yi katako ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, sai ya sa ɗan ƙaramin magagari ya kwantar da su. Ƙarshen aiki, ɗigon mai a tsumma, irin wanda kafintoci suke shafa wa katako. Na taɓa kawo masa man ja daga madafa don neman suna, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ke, jita ce, ba doya ba ce."

Shi ya koya mini sunayen. Ƙarafan nan, haƙora yake ce musu. Baƙin katakon da suke kansa kuwa, abokansa suna da sunansa da Faransanci, amma shi ɗan malam ne, allo yake ce masa. "Miƙo mini tsumma in goge allo." "Kada ki taɓa, allon bai sha mai ba." Ni dai a saninna sunan abin ke nan.

Makaho kunne gare shi. Wata Alhamis bayan baffan nawa ya tafi, Malam ya kira ni da sunan tsokanar da yake kirana.

"Amaryata, zo nan. Me yaron nan yake gurzawa a dakali duk Alhamis, ƙyas-ƙyas kamar ɓera?"

Na ce, "Allonsa yake gogewa."

"Allo?"

"Allo mana. Ya wanke, ya goge, ya shafa masa mai."

Can sai na ga leɓen Malam yana motsi, hawaye ya biyo gefen hancinsa. Ban taɓa ganin haka ba, har na tsorata. Ya ce in kira masa Kaka. Tana zuwa ya ce, "Allah ya karɓi addu'arki. Yaron nan ya koma karatu, kunya ce ta hana shi faɗa. Ki aika masa, Alhamis mai zuwa ya shigo mini da allon, in ji inda ya tsaya."

Kaka ta ce to. Muna shiga cikin gida ta kama kunnena ta murɗa, ta ce, "La'ilaha illallahu! Wannan baki naki, kin kashe mu!" Ni kuwa kuka nake ina cewa ai allo ne, shi da kansa ya ce allo ne. Har yau ban ga laifina ba, kunnen nan kuma ban yafe ba.

Makon nan Malam ya sa aka dafa sabuwar tawada, aka feƙe alƙalami. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa, "Autana ya dawo hanya." Kaka ta kasa cin abinci. Ta sa zane ta tafi har Be da ƙafarta, wurin da ba ta taɓa takawa ba, ta ce wa ɗanta ga dabara: allo cike da zaure, a ɗauko ɗaya a ba shi, ya shiga ya karanta abin da ya sawwaƙa, tsoho ya mutu da farin ciki. Baba Ƙarami ya ce, "Inna, da yana gani, da wataƙila na yi. Ba zan cuci makaho ba, balle ubana." Ta dawo tana cewa taurin kan gidan nan sai dai kabari.

Alhamis ta zo. Ya zauna a dakali ya yi aikinsa tsaf yadda ya saba, har ya fi kullum daɗewa. Da ya gama ya goge hannu, ya ɗauki jitar ya yi sallama ya tsallaka bakin zauren. Kaka tana bayan labule, ni ina gefen buzu. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ga allon. Amma ba irin wanda kake zato ba ne." Ya ɗora masa a cinya.

Hannun Malam ya fara sauka a kan cikin jitar, ya zagaya ƙugunta, ya faɗa ramin tsakiya. Na ga fuskarsa ta canja. Na ɗauka jifa zai yi da ita, wallahi har na kare kaina. Amma hannun bai tsaya ba, ya hau wuyan, yatsunsa suna tsallake haƙoran nan ɗaya-ɗaya, sumul, babu inda ya kama shi. Can wajen sama ya tsaya, inda katakon ya lotsa ya yi 'yan ramuka.

"Me ya ci nan?"

"Yatsuna ne, Malam."

"Hm. Da allon gaske ka ci haka, da tuni kai kake ja mana salla."

Maganar ta yi zafi, kuma gaskiya ce, shi ma wanda aka gaya wa ya sani. Malam ya sake shafa wuyan daga sama har ƙasa kamar mai neman wani abu.

"Ina tsirkiyar?"

"Suna aljihuna. Ba a gyaran allo da su."

"To buga mini in ji."

"Ba ta bugawa haka, Malam."

Sai ya ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa, ƙwas-ƙwas. Ya ce ƙwaryar furar Kaka ma ta fi wannan amo. Ya daɗe yana jan carbi, mu kuma muna jiran hukunci. Daga bisani ya gyara zama irin wanda yake yi in an kawo masa tambayar gado ko ta saki, ya yi magana da muryar nan tasa ta fatawa.

"Abin kiɗa na rantse a kai. Abin da ba ya kiɗa, ba abin kiɗa ba ne, katako ne. Ban rantse a kan katako ba. Katako ya kwana a gidana, mai shi ma ya kwana. Tsirkiya kuwa kada ta tsallako mini ƙofa."

Kaka ta ɗaga murya za ta rangaɗa guɗa, ya ce, "Kul! Ba biki ake yi ba." Ya miƙa wa ɗansa jitar ba tare da ya juyo ba, ya ce a kwashe tawadar nan a ba yara.

A ranar Baba Ƙarami ya dawo da tabarmarsa. Akwai wani Bazabarme mai tebur a bakin layinmu, wajensa tsirkiyoyin suke kwana a cikin gwangwanin madara. In zai fita aiki ya karɓa, ba ya ɗaura su sai ya bar unguwa. In ya dawo, tun daga nesa ya warware. Wahala ce ba ƙarama ba. Tsirkiyar da ake kwancewa kullum ba ta zama daidai da wuri, dole ya riga kowa isa wajen kiɗa, ga yawan tsinkewa, ga ta da wuyar samu a lokacin. Abokansa suna ta yi masa dariya. Sai dai da yake kullum allon a buɗe yake kwana, kullum sai ya goge shi, har aka ce duk Lome babu jitar da ta kai tasa tsabta.

Kada ka ɗauka sun zama abokai. Malam bai taɓa tambayarsa aikinsa ba, bai kuma daina baƙin cikin zauren da ba shi da magaji ba. Amma auta ne ya karɓi sandar daga hannuna. Shi yake yanke masa farce, shi yake kai shi bayan gida da ciwo ya yi tsanani, a kafaɗarsa kuma Malam ya cika. Kaka ta yi kuka, amma ta ce kuka ne mai sauƙi.

Bayan sadakar arba'in ta ce masa, "To, ai yanzu sai ka huta da wannan kwance-kwance." Bai daina ba. Da hukuma ta tashi Zongo aka mayar da mu can bayan gari, muka gina gidan da Malam bai taɓa takawa ba, nan ma sai da ya nemi mai shagon da zai riƙa ajiye masa gwangwaninsa. Na girma lokacin, bakina kuma bai mutu ba, na ce masa, "Baba, ai gidan da aka yi rantsuwa a kai an rushe shi." Ya ce, "Gini suka rushe. Maganar fa, wa ya rushe ta?"

Yanzu a gidan nan kowane yaro da kiɗansa a aljihu, yana fitowa daga waya har a kan tabarmar salla, babu abin da za ka kwance ka ajiye a waje. Ba na cewa komai, in na yi magana su amsa mini da Faransanci. Da Baba Ƙarami ya rasu, wasu tsofaffi 'yan Mina suka zo ta'aziyya daga Be, da sandunansu. Suka zauna suna ba da labarin yadda yake kiɗa, wai in ya ja tsirkiya ya sake ta, masu rawa sukan tsaya cak su saurara. Ɗayansu har yana share ido. Ni kuwa na kasa haƙuri, na ce, "Don Allah, wai da gaske ya iya?"

Suka dubi juna, suka dube ni kamar na yi saɓo. Ina za su sani? Ni da na san kowane haƙori na jitar nan, na san ƙamshin manta, na riƙe ta a cinyata ba adadi, ban taɓa jin muryarta ba ko sau ɗaya.